Bashin hanyar Gabas yana kanmu

Tun jiya nake danne zuciyata kan baiwar Allahn nan 'yar Sudan da mai gida ya watso wa kaya waje da yaranta uku. Amma da na ga masu cewa "ai ta koma ƙasarsu", haƙurina ya ƙare. A Kano ake faɗin wannan magana! Wallahi na ji kunya.

Ta koma ina? Tun 15 ga Afrilu 2023 ake ɓarin wuta a ƙasar. Janaina da Fashir da kuke ji a labarai, ni a bakin kakata na fara jin sunayensu, domin da ƙafarta ta taka su. Ita da Malam suka bar Kano da jaki ɗaya, suka bi ta Borno, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, Abeshe, har Sawakin inda ake tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Shekara bakwai kafin su dawo. Guzuri ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. To wa ya ciyar da su?

A bayan garin Fashir naƙuda ta kama ta. Wata mata da ta fito ɗiban ruwa ta ajiye tulunta, ta kama ta har ɗakinta. Ba ta jin Hausa, Kaka ba ta jin Larabci. Da hannu Kaka ta nuna mata tana son ruwan zafi, matar nan ta riƙa hura wuta safe da yamma har aka yi arba'in, a garin da itace da ruwa duk sai an sha wahala. Ta ba ta kisra, gurasarsu ta dawa, da miya, ta ba ta zanen goyo. A ɗakin nan aka haifi babana. Har Kaka ta koma ga Allah tana sa matar a addu'a, "Mai Tulu" kawai take ce mata.

Shi ya sa nake cewa bashi ne. Bashi ne a kanmu, Kanawa. Alhazanmu sun tsinci auduga a gonakin Jazira ta Sudan sun haɗa kuɗin jirgin ruwa. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, can suka samu wurin zama, garin Mai Wurno yana nan a bakin kogin Nilu har gobe.

Na san za a ce ai haya haƙƙin mai gida ce. An ji. Ko a ce wasu a can ma sun raina mu, suna kiranmu Takari. An yi, ban musa ba. Amma Mai Tulu ba ta tambayi Kaka kuɗin ɗaki ba, mu kuma mun tsaya muna ɗaukar hoton katifar mace a bakin kwata da waya. Mai unguwa yana ina? Limamin masallacin layin fa?

Duk wanda ya san inda ta kwana jiya, don Allah ya yi min magana ta ciki.

Af, butar ƙarfen da Kaka ta dawo da ita tana nan a ɗakin Gwaggo a Yakasai, gindinta ya huje. Ko akwai wanda ya san maƙerin da zai liƙe ta ba tare da ya goge rubutun Larabcin da ke jikinta ba?