Cacar zagayen farko a wasan besbol ba ta da sauƙin da ake zato

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu caca kan MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, wai zuba kuɗi a kan cewa ba za a ci maki a zagayen farko ba, abin da suke kira NRFI, kuɗi ne a ƙasa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: mai jefa wa masu bugu ƙwallo bai gaji ba tukuna, kuma masu bugu shida kawai ake buƙatar fitarwa kafin zagayen ya ƙare, uku daga kowane ɓangare.

Sai dai zagayen farko ne kaɗai koci ke da tabbacin cewa gwanayensa na bugu za su fito a jere, domin su yake sa wa a saman jeri. Shi ya sa wannan zagaye yake cikin waɗanda aka fi cin maki a cikinsu. Bugu ɗaya ya tsallake katanga, an ci maki, shi ke nan, kuɗin ya tafi.

Kamfanonin caca kuwa sun san wannan sarai, sun saka shi cikin farashi. Idan sai ka zuba dala 120 kafin ka ci ribar 100, to dole ka yi nasara kusan sau 55 cikin 100 kafin ma ka mayar da uwar kuɗinka.