Sarautar Billy Boston da masu cewa da babu gara ba daɗi

Tun ranar da Sarki Charles ya ɗora wa Billy Boston, tsohon ɗan wasan zari-ruga, takobi a kafaɗa ya ba shi sarautar Sir a fadar Buckingham, a watan Yunin 2025, nake ganin ana taya juna murna ana cewa an kafa tarihi, kuma ni har yanzu abin bai daina ba ni haushi ba. Wane tarihi? An bar mutum sai da ya cika shekara 90, sai da cutar mantuwa ta kama shi, har aka gaggauta bikin kafin a fitar da sunayen sauran masu karɓar lambar girma saboda halin da lafiyarsa take ciki, sannan a ce mu tafa. Madalla da masu mulkin Ingila, sun yi saurin da ba a taɓa gani ba: shekara 130 kacal suka ɗauka kafin su gano cewa a cikin masu buga zari-rugar 'yan goma sha uku, wato mai 'yan wasa goma sha uku a kowane ɓangare, akwai wanda ya cancanci a kira shi Sir.

An makara, kuma da gangan aka makara. Wannan mutum ya buga wa ƙungiyar garin Wigan na arewacin Ingila wasa 488 tsakanin 1953 da 1968, ya dangwala ƙwallo a bayan layi sau 478, adadin da har yau babu wanda ya kamo a ƙungiyar. Idan aka haɗa dukan wasanninsa, ya dangwala sau 571. Ya ɗaga kofin Challenge sau uku a filin wasa na Wembley, ya ci kofin duniya da Birtaniya a 1960. Duk wannan yana rubuce tun kafin a haifi yawancinmu. Clive Woodward kuwa, da ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya na zari-rugar 'yan goma sha biyar a watan Nuwamban 2003, makonni kaɗan ya jira aka sanar da sarautarsa. Boston ya jira shekara 65 bayan nasa kofin.

Masu cewa da babu gara ba daɗi, na ji ku, amma ku ajiye wannan magana. Masu cewa kwamiti ne yake zaɓe, akwai ƙa'idoji, su ma na ji su. Ƙa'idojin nan da suka riƙa tsallake wasa guda sukutum fiye da ƙarni sun san abin da suke yi. Tun ranar da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar zari-ruga a garin Huddersfield a 1895, ɓallewar da ta haifar da wasan 'yan goma sha uku, saboda suna son a biya masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa kuɗin ranar aikin da suka rasa don su buga wasa, manya suka ɗauki wannan wasa na 'ya'yan talakawa ne, kuma a haka suka ci gaba da kallonsa.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda Boston ya shiga wasan. Yaro ne daga unguwar tashar jiragen ruwa ta Cardiff, babban birnin Wales, mahaifinsa mutumin Saliyo, burinsa kawai ya sa rigar garinsu da ta Wales a zari-rugar 'yan goma sha biyar. Ƙofar ba ta buɗe masa ba, kuma kowa ya san launin fatarsa yana cikin dalili. Mutanen Wigan suka je har gidan iyayensa, suka zube kuɗi a kan tebur, aka daidaita a kan fam 3,000. Shi da bakinsa ya faɗi cewa ya yi kuka bayan ya sa hannu, domin a zamanin wanda duk ya karɓi kuɗi ya koma wasan 'yan goma sha uku, an haramta masa na 'yan goma sha biyar har abada. Bayan shekara guda kacal aka saka shi cikin tawagar Birtaniya mai zuwa Ostireliya, baƙar fata na farko da ya samu wannan kujera. Mutanen Wigan sun riƙe shi tamkar ɗansu, sun kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar gari, ya zauna cikinsu har tsufa. Su ba su jira fada ta ba su izini ba.

Ina taya Sir Billy da iyalinsa murna da zuciya ɗaya, domin ya cancanta tun da jimawa. Waɗanda ba zan taya ba su ne masu neman a yaba musu a kan ihu bayan hari.

Kuma tun da ana maganar yaran Cardiff, a tuna da Clive Sullivan, wanda yake tsaye kusa da Boston a mutum-mutumin da aka buɗe a bakin ruwan garin a 2023. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin wata tawagar Birtaniya a manyan wasanni, shi ya ɗaga kofin duniya a Faransa a 1972. Ciwon daji ya kashe shi a 1985 yana da shekara 42, kuma babbar hanyar da take shiga birnin Hull, inda ya yi wasa, sunansa take ɗauke da shi.