Ku daina tafa wa mai zagin mutane, ku dubi ƙarshen Steve King

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Kwanan nan na ga wasunku a Facebook da TikTok suna ta yaɗa guntayen bidiyon 'yan siyasar Amurka masu tsattsauran ra'ayin riƙau, ana rubutawa a ƙasa wai wannan namijin duniya ne, yana faɗar gaskiya komai ɗacinta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tafin. Mutum ya tsaya gaban kyamara ya ci mutuncin wata al'umma ɗungurungum, ku kuma kuna jinjina masa don kawai ya soki zubar da ciki ko auren jinsi a wani wurin. Ko kun taɓa bincika abin da irin waɗannan mutane ke cewa game da ku?

Bari in ɗauko muku ɗaya wanda labarinsa ya riga ya kammala, wato Steve King na jihar Iowa. An haife shi a 1949 a garin Storm Lake, ya kafa kamfanin aikin tonon ƙasa a 1975, ya shiga majalisar dattawan jiharsu a 1997, daga nan ya wuce majalisar wakilai ta tarayya a 2003 ƙarƙashin jam'iyyar Republican. Kujerar wakili a Amurka wa'adinta shekara biyu ne, kuma sau tara mutanensa suna zaɓensa, ya yi shekara 18 cur. Duk tsawon lokacin nan da bakinsa aka san shi.

A 2006 ya shigo zauren majalisa da ɗan samfurin katangar da yake so a gina a iyakar Meksiko, ya harhaɗa ta a gaban 'yan majalisa, ya ce a sa mata waya mai lantarki a sama, ai haka suke yi wa dabbobi kullum. A 2008 ya ce idan Obama ya ci zaɓe, 'yan Alƙa'ida za su fito su yi rawa a titi, har ya kawo zancen sunan Hussein da Obama ke da shi a tsakiya. A 2009 majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan kafa allon tunawa da bayin da aka sa suka gina ginin majalisar kanta, mutum 399 suka amince, shi kaɗai ya ƙi. A 2013 ya juya kan yaran da iyayensu suka shigo da su ƙasar ba takardu, ya ce duk ɗaya da ya zo na farko a makaranta, akwai ɗari waɗanda sharaɓarsu ta kumbura kamar kankana saboda dakon tabar wiwi, kimanin kilo 34, a cikin hamada. Shugaban majalisar na lokacin, John Boehner, ɗan jam'iyyarsu ne, ya fito ya yi tir da maganar. To sai me? Aka yi surutu kwana biyu, zaɓe ya zo, aka sake tafa masa.

Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau. Ba dare ɗaya mutum ke zama haka ba, tafi ne ke rainonsa. Duk lokacin da ya saki wata magana, gidajen rediyo na magoya baya su kira shi, kuɗin gudummawa su shigo, masu neman takarar shugaban ƙasa su yi layi a ƙofarsa, domin Iowa ce ke buɗe zaɓen fid da gwani. Sai da ta kai Sanata Ted Cruz, mai neman takarar shugaban ƙasa, ya naɗa shi cikin shugabannin yaƙin neman zaɓensa na 2016. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa ban ruwa suka riƙa yi masa. Ga tutar 'yan tawayen kudu masu kare bauta ya kafa a teburin ofishinsa, alhali Iowa tana ɓangaren arewa ne a yaƙin basasar Amurka. Ga ƙoƙarin da ya yi a 2016 na hana a sa hoton Harriet Tubman, baiwar da ta tsere ta kuma tserar da wasu, a takardar dala 20. A shekarar dai ya tambaya a talabijin wai wane rukunin mutane ne ya ba wayewar duniya gudummawa kamar Turawan yamma. A watan Maris na 2017 ya rubuta a Twitter yana mara wa Geert Wilders na Holand baya, mutumin da ya yi suna wajen ƙin Musulunci, ya ce ba za a farfaɗo da wayewarsu da jariran wasu ba. Wanda ya yi saurin yaba masa shi ne David Duke, tsohon shugaban KKK, ƙungiyar nan ta masu fifita farar fata da ƙin baƙar fata.

Kai ɗan'uwa mai danna alamar so, a 2018 wannan mutumin ya faɗa a rediyo cewa ba ya son Musulmi 'yan Somaliya su yi aiki a mayankan alade na mazaɓarsa, tunda ba sa cin naman. Mutane ne da suka gudo daga yaƙi suna neman na tuwo a wurin aikin da 'yan ƙasa da yawa ke ƙyama. Da kai ne ka sauka can da sunanka Abubakar ko Sani, a wane layi kake zaton zai saka ka? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa. Amma ina, mu dai a ba mu bidiyo mai sakan 30, ba karatu ba bincike. Data ta ƙare a kallon rawa da caca ta wayar salula, a ce mutum ya karanta shafi biyu sai ya ce kansa na ciwo.

Yadda ya faɗi ma darasi ne ga mai son sanin yadda majalisar can ke aiki. Wakilai 435 ne, kuma ainihin aikin a kwamitoci ake yinsa. A can ake rubuta ƙudiri, a yi masa gyara, a kira jami'an gwamnati su amsa tambaya, a sako abin da mazaɓa ke buƙata. Jam'iyya ce ke raba kujerun kwamiti, ita ce kuma ke iya ƙwace su. King yana kwamitin shari'a, da na ƙananan sana'o'i, da na noma, wanda shi ne ran mazaɓarsa, tunda yankin na masara ne da waken soya da alade da ƙwai. A ƙarshen 2018 tsagewar ta fara. Ya goyi bayan wata 'yar takarar magajin garin Toronto da aka sani da ra'ayin fifita farar fata, ya kuma gana da 'yan jam'iyyar Freedom ta Austriya, mai tsananin ƙyamar baƙi, a wata tafiya. Kamfanoni irin su Intel da Land O'Lakes suka janye gudummawarsu, shugaban kwamitin yaƙin zaɓen jam'iyyarsu, Steve Stivers, ya soke shi a fili. A mazaɓar da Trump ya lashe da tazara mai yawa, da ƙyar King ya tsira daga abokin hamayyarsa na jam'iyyar Democrat, J.D. Scholten, da kusan kashi 3 cikin 100.

Mai hankali da nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Sai ga shi a watan Janairun 2019 yana tambayar jaridar New York Times wai yaushe kalmomin kishin farar fata da fifikon farar fata suka zama abin ƙi. Ya ce an juya masa magana, amma magana zarar bunu ce. Ranar 14 ga wata jagoran jam'iyyarsu a majalisa, Kevin McCarthy, ya sa aka cire shi daga kwamitocin duka. Washegari aka kawo ƙudirin yin tir da aƙidar fifita farar fata, wanda ya ambaci maganar tasa, ya wuce da ƙuri'a 424 da 1. Shi kansa King ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Wanda ya ƙi, Bobby Rush, baƙar fata ne daga Illinois, kuma ya ƙi ne don yana ganin hukuncin ya yi sauƙi, tsawatarwa ta hukuma yake so, irin wadda ake tsayar da ɗan majalisa a tsakiyar zaure a karanto masa laifinsa. Mitch McConnell, jagoran jam'iyyarsu a majalisar dattawa a lokacin, ya ce gara King ya nemi wata sana'ar. Baki shi ke yanka wuya.

Ranar 2 ga Yuni 2020 Randy Feenstra, ɗan jam'iyyarsu, ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani da tazarar kusan kashi 10. Ku lura da abin da Feenstra ya fi nanatawa a kamfe: mutumin nan ba shi da kujera a kwamitin noma, ba zai iya yi muku komai ba. Wato ba zagin ne ya dami mutane da yawa ba, sai da asara ta taɓa gonarsu. Shekara goma sha shida suna jin ashar ɗin yana yi musu daɗi, kuma 'yan jam'iyyar da suka yi ta wanke hannu a 2019 su ne suka yi ta ɗaukar hoto da shi a baya.

Wannan tafin shi nake gani a hannunku, kuma ba a kan Amurka kaɗai ba. Da an ji sojan baka ya hau rediyo ya yi wa wata ƙabila ko wani yanki kuɗin goro, sai a yanko wurin a yi ta turawa, ana cewa ya gama da su. Ba mai tambayar wane ƙudiri maigidansa ya kawo, ko wane kwamiti yake, ko rijiya nawa aka haƙa. Ku ji tsoron Allah ku gyara, ku riƙa tauna abu kafin ku tura.

Da, idan yaro ya kwaikwayi harshen baƙo don a yi dariya, kafin ya rufe baki wani dattijo a zaure ya daka masa tsawa, ko da ba shi ya haife shi ba. Fatake su sauka a zango, a kai musu ruwa da tuwo kafin a tambaye su daga ina. Malamai su yi saɓani mai zafi, amma ba ka jin an ambaci uwar wani. Yanzu dattijon ma yana cikin zauren WhatsApp ɗin, wani lokacin shi ne ya fara turo bidiyon.