Ranar da na zama kafinta a Agege

Tun da uwargida ta ga hoton wadirob ɗin nan a waya ban sake shan ruwa cikin kwanciyar hankali ba, sai da na biya. A hoto abu ne tsaye ƙyam, ƙofa uku, har da madubi. Amma abin da aka sauke mana a ƙofar gida kwalaye ne biyu shimfiɗaɗɗu, kamar an ɗaure allunan makaranta. Na tambayi mai kawo kayan ina wadirob ɗin yake. Ya nuna kwalayen, ya yi ƙorafin cunkoson Oshodi, ya karɓi na shan ruwa, ya ƙara gaba.

Akwai wani dattijo kafinta, mutumin Katsina, a bayan masallacin unguwarmu. Uwargida ta ce a kira shi. Na je na yi masa bayani, ya ce dubu goma. Dubu goma don ɗaure ƙusa! Na ce, "Baba, Allah ya ba da kasuwa." Ni da nake canza wa janareta fulogi da hannuna, katako ne zai gagare ni?

Na taɓa karantawa cewa kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yaɗa wannan dabara ta sayar da kayan ɗaki a kwali, mai saye ya haɗa da kansa, a shekarun 1950, saboda kaya a kwance ba sa cin wuri a mota, kuɗin dako ya ragu. Namu ba nasu ba ne, amma tarbiyya ɗaya aka yi musu: takardar bayani ba ta da kalma ko ɗaya, sai zane. Shafin farko ya nuna abin da ake buƙata, sukudireba mai tauraro, sukudireba mai baki faifai, guduma, da mutum biyu suna murmushi. Na duba abin da nake da shi: wuƙar yanka albasa, tsohuwar filaya, da ƙaramar taɓaryar daka yaji. Mutum na biyu kuwa ɗana ne ɗan shekara shida, kuma shi kaɗai ke murmushin.

A cikin leda akwai sukurori iri-iri, da 'yan guntayen itace kamar an yayyanka asuwaki, da wasu ƙarafa zagayayyu kamar kwabo, sai wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe mai baki kusurwa shida, wanda ake kira alan ki. Na raina shi da gani. Ashe shi ne limamin tafiyar.

Na fara da guntayen itacen, waɗanda ake cusawa a rami su haɗa allo da allo. Na farko ya yi gardama, na ba shi taɓarya ɗaya mai kyau. A nan na gane cewa allon ba katako ba ne irin na gadon kakata, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse. Gefen ya fashe, gari ya zubo kamar ƙuli-ƙuli. Na juya wajen ta bango, na ce wa yaron kada ya gaya wa mamansa. Kafin in rufe baki ya isa kicin.

"Maigida, taɓaryata ce nake ji?"

"Aiki nake yi, Hajiya."

"To. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne."

Wuƙar albasa ta cinye kan sukuru uku, tauraron ya shafe ya zama rami. Ƙarafan masu kama da kwabo kuwa, daga baya na ji cewa akwai 'yar kibiya a jikinsu da za ta kalli kan ƙusar, sai a murɗa kamar rabin zagaye su kama. Ni murɗawa na yi ta yi da filaya kamar mai buɗe famfo, har biyu suka dare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Zafin Legas ya sauko, yaron yana riƙe da fitilar waya yana haska ko'ina ban da inda nake aiki.

Sai alan ki ya ɓace.

Na ɗaga kowane allo, na kakkaɓe tabarma, na caje aljihun yaron har ya yi kuka. Da na rasa, na hau keke zuwa wajen masu sayar da kayan ƙarfe kusa da Pen Cinema. Mai shagon ya ce lamba nawa, milimita 4 ko 5? Ni da ban san abin yana da lamba ba, sai na sayi saitin gaba ɗaya, na haɗa da sukudireba biyu da guduma. Dubu bakwai suka tafi. Na lura yana ta kallon kaina yana danne dariya, na ɗauka zufa ce. Ina shiga gida uwargida ta miƙa hannu ta zare alan ki daga naɗin hulata, inda na soke shi da kaina tun azahar.

Bayan isha'i muka tsayar da shi. Ya tsaya, amma a karkace, kamar ɗan dambe da ya sha bugu. Ashe siririn allon baya shi ke riƙe kusurwa, kuma sai an daidaita jikin kafin a buga masa ƙusa. Ni na buga ne a yadda na same shi. Ƙofar tsakiya ta ƙi rufuwa, ta hagu kuwa buɗe kanta ta yi cikin dare da wata ƙara, uwargida ta farka tana a'uziyya.

Da safe na tafi bayan masallaci. Baba ya zo, ya zagaya wadirob ɗin sau biyu bai ce uffan ba, ya shafa wajen da taɓarya ta yi aiki, sannan ya ce dubu goma sha biyar.

"Baba, jiya fa goma ka ce."

"Goma na haɗawa ne, Alhaji. Biyar na warware naka aikin."

Da ɗan injinsa mai batir, ko awa ɗaya bai yi ba ya gama. Ya nemi aron alan ki, na miƙa masa saitin duka, ya zaɓi wanda ya zo a cikin kwalin.

Yanzu duk asuba idan muka fito daga masallaci sai ya ɗaga murya ya ce, "Oga kafinta, ya kasuwa?" Shekaranjiya wani maƙwabci da ya ɗauki maganar da gaske ya aiko ɗansa, wai in zo in duba masa gado.