Alhaji da gadon kwamfuta

Alhaji na cikin alwala ya jiyo Sagiru a waya yana cewa "kai dai ka gaji uban kawai, duk abin da yake da shi ya zama naka."

Alhaji: Kai Sagiru! Uban wa za a gada? Ina zaune da raina ko hawan jini ban da shi?

Sagiru: Baba karatun rubuta manhajar kwamfuta ne fa. Kilas ake ginawa, a ce Mota, tana da taya da birki, sai ka gina Tasi ta gaji Mota, duk abin da uwar ta iya ita ma ta iya ba sai ka sake rubutawa ba, kuɗin haya kawai za ka ƙara mata.

Alhaji: Ahaf, har an iso kan motata.

(Fijo 504 ce fa tun zamanin Shagari, sai yaran unguwa sun tura take tashi.)

Sagiru: Ai a nan uban ba ya mutuwa Baba, kuma ko 'ya'ya goma ne kowa cikakken kaso zai samu.

Alhaji: Gado uba na numfashi? Ba tumunin takaba? Wane malamin ne ya yi wannan rabon?

Sagiru: Wasu 'yan Norway ne su biyu, a wani yaren kwamfuta mai suna Simula, 1967.

Alhaji: Shi ya sa.

Sagiru: A yaren Python ma ɗa ɗaya yana iya gadon uba biyu, yaren Java ne ya hana.

Alhaji: Uba biyu! Subhanallahi. Wato kuɗin makarantar da nake biya mesa da jaɓa kake koyo. Amma jaɓar nan duk warinta ta san mutunci. Tsaya ma tukuna, uban zai iya ɓoye kayansa?

Sagiru: Sosai. In ya sa firaibet ɗan ba ya iya taɓawa kai tsaye, in kuma ya sa fainal a Java to ba mai gadonsa kwata-kwata.

Alhaji ya ajiye buta, har gyara hula ya yi, abin da rabonsa da yi tun ranar da buhun masara ya tashi.

Alhaji: Sa min fainal ɗin nan. Gida, gona, shagon Kwari, Fijo, har butar nan.

Sagiru: Baba ba haka abin yake...

Alhaji: Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Sa!

Sagiru: To ai kwana uku ba wuta, caji ya ƙare. Kawo kuɗin mai in tada janareta.

Alhaji ya dafe aljihu da hannu biyu.

Alhaji: Wannan kuma firaibet ne. A jira su kawo.