A bar yaran nazare su taɓa harafi da hannunsu

Duk wanda ya ratsa ta gefen makarantar nazare a unguwar Mabera ko Arkilla cikin birnin Sakkwato da hantsi ya san amon: "A for apple, B for ball." Yara 'yan shekara 4 na rerawa kamar bakinsu ɗaya. To amma ɗauki ɗaya daga cikinsu, ka zana masa harafi guda a ƙasa, ka tambaye shi sautinsa, sai ka ga ya tsaya yana kallonka. Waƙar ya haddace, harafin kuwa bai san shi ba.

A ganina gyaran yana hannun malama, kuma ba ya cin kuɗi. Ta kawo yumɓu, da karan dawa, da kaba, da guntayen fatar da dukawa ke zubarwa. Yaro ya mulmula yumɓu ya yi k, ya gina 'yar kaza kusa da shi, yana faɗin sautin da baki. Kashegari a lanƙwasa kan harafin ya zama ƙ, a haɗa ƙofa da kara. Haka d da ɗ, doki da ɗaki. Haka b da ɓ. Wannan ƙugiyar da manya da digirinsu ke mantawa a rubutu, yaron da ya lanƙwasa ta da yatsansa da wuya ta kuɓuce masa. Ga kuma b da d da yara ke yawan juyawa: wanda ya liƙa cikin harafin a dama ko a hagu da kansa ya fi saurin rarrabe su.

Dalilin farawa da Hausa a fili yake. Rubutunmu na boko kusan kowane harafi da sautinsa tsayayye, saɓanin Turanci inda sunan harafi daban, yadda ake furta shi a kalma daban. Shirin "Mu Karanta!" da aka gudanar a firamaren Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar ba da agaji ta Amurka (USAID) ma da Hausa ya fara kafin Turanci. Ko a makarantar allo sai an yi babbaƙu da farfaru, harafi bayan harafi, kafin a saki yaro ya ja ƙira.

Iyaye za su ce kuɗin makaranta suka biya don su ji Turanci, ba don ɗansu ya dawo da riga duk laka ba. Ina jin su, sabulu ya yi tsada. Sai dai Turancin da suke ji a gida haddar aku ce, kuma yaron da ya gane cewa kowane zane yana ɗauke da sauti zai shiga Turancin da wannan ganewar.

Matsalar da ta fi damuna ita ce cunkoso. Malama ɗaya a aji maƙil ba za ta iya sa ido kan kowane hannu ba, don haka a guji ƙananan abubuwa irin su wake da 'ya'yan tsamiya, waɗanda yaro kan cusa a hanci ko kunne. A raba yaran rukuni-rukuni, harafi ɗaya ko biyu a mako sun isa. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ke yaye malamai da yawa a jihar nan, ita ya kamata ta sa ɗalibanta su gwada wannan da hannunsu kafin a tura su aji.