Janar mai yawan ibada da matan da suka leƙi asirin Kudu

Duk wanda ya karanta tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, sai ya ci karo da Janar Thomas Jackson, wanda ake wa laƙabi da Stonewall. Har gobe akwai masu ambatonsa kamar wani waliyyi. Jigo ne a cocinsu da ke garin Lexington, mai tsananin kiyaye ranar Lahadi, har ya buɗe aji yana koya wa baƙaƙen fata Baibul. Ban zarge shi da riya ba, na yarda da gaske yake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar ibadarsa a wanke yaƙinsa da ita. Mutumin nan yana da bayi a gidansa, kuma ya ɗauki makami ne don kare gwamnatin Kudu, wadda ta ɓalle saboda ta ci gaba da riƙe mutum wajen miliyan 3 da rabi cikin bauta. Ba shi kaɗai ba ne. Leonidas Polk bishop ne sukutum, ya sa kakin janar har aka kashe shi a 1864. Shugaba Lincoln da kansa ya faɗa a 1865 cewa ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke karantawa, Ubangiji ɗaya suke roƙo.

To ku dubi Harriet Tubman. A cikin bauta aka haife ta, ta tsere, ta riƙa komawa tana fito da wasu, har aka sa mata suna Musa. Ita ma mai yawan addu'a ce, ko karatu ba ta iya ba. A watan Yunin 1863, bayanan da ita da mutanenta suka tattaro ne suka yi wa jiragen sojan Arewa jagora a kogin Combahee, aka kuɓutar da mutum fiye da 700 a fita ɗaya.

Ba ina cewa leƙen asiri kansa aikin lada ba ne. Kudu ma tana da nata, irin su Belle Boyd da ta kai wa Jackson rahoto a 1862. Tambayata kullum ita ce, wa aka yi wa aikin, kuma wa ya sami 'yanci a dalilinsa?

Elizabeth Van Lew ta fi ba ni tausayi. 'Yar masu kuɗi ce a Richmond, babban birnin Kudu. Ta taimaki sojan Arewa fursunonin yaƙi a kurkukun Libby, ta riƙa aika wa Janar Grant, babban kwamandan sojan Arewa, saƙonnin sirri, ta ƙarar da dukiyarta a kan haka. Da Grant ya zama shugaban ƙasa, ya saka mata da shugabancin gidan wayar birnin a 1869, amma maƙwabta suka ƙaurace mata a matsayin maciyiyar amana har ta rasu a 1900. Birnin da ya yi mata haka shi ya kafa wa Jackson mutum-mutumi a 1919, bai sauke shi ba sai a 2020, kuma wallahi wannan rashin adalci ne.